Yadda Malam Dalhatu Ya Daina Bin Motar Kasuwa

A Tudun Wada ta Gusau, in aka ce Malam Dalhatu mai jaka, kowa ya san wanda ake nufi. Baƙar jaka ce ta fata, hannunta ya sha ɗinki a wajen dukawa, kuma da wuya a gan shi a waje ba tare da ita ba. Matan maƙwabta sun ɗauka mai sayar da magani ne, har akan aiko a ce ya ba da na ciwon kai. Sai ya ce a je kemis. Shi bai taɓa sayar wa kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da ke cikin jakar kwalaben gwaji ne, da takardu masu zane, da kalanda da biro na rabawa. Aikinsa bayani ne.

Mutumin Bunguɗu ne, ɗan manomi. Ya yi firamare a gida, ya wuce makarantar koyon aikin lafiya, da ya gama aka tura shi asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a ƙasar Tsafe da ake kira Gidan Labbo. Ɗaki biyu ne da baranda, da randa a gindin darbejiya. Ya fi shekara goma a can yana wanke gyambo, yana yin allura, yana ƙunsa ƙwayoyi a takarda. Mutum ne marar gaggawa, mai son ya ga ƙarshen abin da ya fara.

Da aka ba Zamfara jiha a 1996, Gusau ta cika da baƙi da sababbin ofisoshi, kamfanonin magani suka biyo baya. Wani kamfani na Kano, ban da masu kai kaya kemis-kemis, ya ga yana bukatar waɗanda za su riƙa zagaya asibitoci suna yi wa ma'aikata bayanin magungunansa: yadda ake haɗawa, nawa ake ba yaro, wane ne bai kamata ya sha ba, me za a yi in magani ya ƙi jikin mutum. In aka yi musu tambayar da ta fi ƙarfinsu, su kai ta Kano su dawo da amsa. Aka ɗauki Malam Dalhatu a farkon 1997, aka sa mutum uku a ƙarƙashinsa, aka ba su Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

Abu ɗaya ya dame shi a sabon aikin. A asibiti, in ka yi daidai gyambo ya warke, in ka yi kuskure ya ƙi, ka gani da idonka. A nan kuwa babu abin da ke nuna masa ko aikin yana ci ko ba ya ci. Kano da nisa, wayar ofis kuma ta fi daɗewa a mace. Sai ya nemi takwarorinsa, wato masu riƙe da irin wannan aiki a sauran kamfanoni. Ya sami uku. Akwai Yari, wakilin wani kamfani na Kaduna, wanda ba ya shiga wuri a yi shiru. Akwai Mu'azu, wanda sai a gama zama bai yi magana uku ba. Akwai kuma Hajiya Wasila, tsohuwar nas kuma ungozoma, mai kula da bayanin magungunan mata da yara na wani kamfani na Ikko.

Suka riƙa haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar, a barandar kemis ɗin yayan Hajiya Wasila a Damba. Malam Dalhatu ne ya sa ƙa'ida: ba maganar farashi, ba sunan mai saye, tunda a kasuwa abokan hamayya ne. Abin da za a tattauna shi ne yadda kowa ke gudanar da aikinsa, don kowa ya auna kansa da ɗan'uwansa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ya zauna: wuri nawa mutanenka suka kai a watan nan. Kusan kullum Malam Dalhatu ne a gaba, Yari da Mu'azu suna biye, Hajiya Wasila tana can baya.

Shekarun wahalar mai ne. Motar kamfani takan yi mako a layin gidan mai, na 'yan bumburutu kuma ofis ba ya yarda a saya. Don haka duk suka koma bin motar kasuwa. Dabarar tana da hujja har biyu. Ranar kasuwar gari ce kaɗai ake da tabbacin samun a-kori-kura mai zuwa ta dawo. Ranar ce kuma kaɗai ake da tabbacin samun incajin asibiti, wato shugaban wurin, a bakin aiki, don sauran ranaku, musamman da damina, in ya sallami 'yan safe sai gona. Malam Dalhatu ya tsara zagayensa bisa ranakun kasuwanni, ya koya wa mutanensa uku, har Yari ya kwaikwayi tsarin.

A daminar 1998 labari ya zo daga Kano. Manya sun ce bayani ba ya kawo ciniki. An riga an rufe sashen a rassa biyu, an mai da ma'aikatansa masu kai kaya. Kafin a yanke na Gusau, likitan kamfani, Dokta Anas, zai zo ƙarshen wata mai zuwa ya zagaya da kansa, ya tambayi ma'aikatan asibitoci abin da suka koya. In ya ga amfani a bar sashen, in bai gani ba a rufe.

Malam Dalhatu ya kai maganar majalisarsu ta barandar kemis. Ranar an yi ruwa, an jawo bencina ciki-ciki, ana cin dafaffiyar gyaɗa.

"Kai mi zai dame ka, Malam?" in ji Yari. "Kai ne kan gaba kullum. In anka rufe naka, mu sai a ɗaure mu. Hajiya kuwa igiya biyu za a sa mata."

"Yari, bakinka ya fi ƙafarka yawo," in ji Hajiya Wasila. Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga mayafinta, ta juya. "Malam Dalhatu, in tambaye ka. Wuraren nan da kuke zuwa, incajin yana zama?"

"Zama kamar yaya, Hajiya?"

"Zama dai. Ya ja benci, ya aje sirinji, ya dube ka."

Malam Dalhatu ya yi ɗan tunani. "Ranar kasuwa wa ke zama? Layi har bakin hanya."

"To ni duk wurin da anka saurare ni a tsaye ba ni sa shi cikin lissafi. Shi ya sa kuke ganina a baya."

"Ai da kin faɗa tun tuni," in ji Mu'azu.

"Wuri nawa kuke tambayata. Ba wanda ya taɓa ce mini yaya."

Ta gaya musu yadda take yi. Ita ma motar kasuwa take bi, amma ba ta buɗe jaka ranar. Takan taya su aiki, ta kwana a ɗakin ungozomar garin, da safe in wuri ya yi tsit ta zaunar da su. In an gama ta hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta.

"To mu ɗakin ungozoma za mu kwana?" in ji Yari. "Ni dai in uwargidana ta ji, sai dai ku zo ta'aziyya."

Aka yi dariya, aka koma wata magana. Malam Dalhatu ya yi dariyar shi ma, amma a hanyar gida yana ta bin wuraren da ya je cikin watan ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda aka ja masa benci. Bai tuna ko ɗaya ba.

Da kasuwar Gidan Labbo ta zagayo, ya hau a-kori-kura daga Tsafe, tsakanin buhunan gishiri da awaki. Incajin asibitin a lokacin Lawali ne, wanda a da shi ke taya shi wankin gyambo. Baranda ta cika maƙil: mata da goyo, Fulani da suka kawo nono suka biyo da zazzaɓi, wani da fartanya ta sare shi a ƙafa.

"A'a, Malam! Sannu da zuwa, sannu da hanya. Ina iyali? Ina Gusau?" Lawali yana gaisuwa, sirinji a hannu.

Malam Dalhatu ya buɗe jaka kamar yadda ya saba, ya fito da kwalbar maganin ciwon ƙirji na yara. Gari ne a cikin kwalba. Ya sake bayanin da ya sha yi a wannan baranda: a tafasa ruwa ya huce, a zuba zuwa layin da ke jikin kwalba, a girgiza, in ya yi mako a zubar da saura.

"To. To. Madalla. Haka ne," in ji Lawali, idonsa yana kan wata mata da ɗanta ke shiɗewa da tari.

Da la'asar direba ya yi ta danna oda a bakin kasuwa. Malam Dalhatu ya ɗaga masa hannu ya ce ya tafi. Ya kwana a zauren Lawali.

Da safe asibitin ya zama wani wuri dabam. Ba kowa sai kaji a baranda. Lawali ya riga ya jingine fartanyarsa a bakin ƙofa, amma ganin baƙo bai tafi ba sai ya ja benci gindin darbejiya, suka zauna. Malam Dalhatu ya miƙa masa kwalbar.

"Haɗa mini, Lawali. Ɗauka ni uwar yaro ce."

"Ai ba mu haɗawa nan, Malam. Uwa mukan ba ta haɗa gida."

"Da wane ruwa?"

"Ruwa dai."

"Zuwa ina?"

"Ta cika kwalba."

"Layin fa?"

Lawali ya ɗaga kwalbar sama, ya juya ta a hasken rana har ya ga layin, ya ɗan kankare shi da farce.

"In yaro ya ji sauƙi magani ya rage?"

"Sukan aje ma ƙanensa."

Malam Dalhatu ya karɓi kwalbar ya dube ta. Can ya ce, "Lawali, ba na sha zuwa nan da kwalbar nan ba?"

"Ka sha zuwa, Malam, Allah shi saka da alheri. Ko jiya ina gaya ma mai ɗakina, duk waɗanda sunka yi aiki nan sunka tafi, ba mai dawowa gaishe mu sai kai. Kuma ba ka zuwa hannu sake." Ya nuna bangon ɗakin allura, inda kalandun kamfanoni ke rataye a jere, kowace a buɗe a watan da aka kawo ta.

A nan Malam Dalhatu ya gane yadda abin yake. Shi a wajensa aiki yake zuwa yi. A wajen Lawali, tsohon maigidansa ne ke biyowa ranar kasuwa ya gaishe shi, ya kawo tsaraba. Wanda ya zo gaishe ka kuwa, balle na gaba da kai, ba ka tsayar da shi a tsakiyar jama'a ka ce ba ka gane ba. Ka ce to, ka ce madalla, ka yi masa addu'a. Haka ake yi wa Yari da Mu'azu a duk inda suka je. Su uku kuskure ɗaya suke yi, don haka da suka auna juna sai kowa ya ga ya cika.

Suka hura wuta suka tafasa ruwa, suka jira ya huce. Lawali ya haɗa da hannunsa, ya sake haɗa wata. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya tambayi yaron da ya yi amai bayan ya sha, a sake ba shi ko a bari. Ya kuma ce akwai wata yarinya da ƙuraje suka feso mata kwana biyu da fara sha, shin maganin ne ko ƙyanda ce. Malam Dalhatu ya amsa ta farko, ya ce ta biyu sai ya tambayi likita. Tun da ya kama aikin, wannan ce tambaya ta farko da aka ba shi ya kai Kano.

Ya dawo a kabu-kabu, taɓo har gwiwa. Bai jira ƙarshen wata ba, ya kira majalisa ya gaya musu abin da ya gani.

Yari ya daina wasa. "Malam, ka ji shawara. Lokaci ya ƙure, ba ka iya gyara ko'ina. Zaɓi wuri uku, ka zaunar da su har su hardace. Baƙo bai san hanya ba, inda ka kai shi nan zai je."

"In na nuna mashi uku masu kyau, zai koma ya ce a ci gaba yadda ake yi," in ji Malam Dalhatu. "Yadda ake yi kuwa shi ne motar kasuwa. Baɗi war haka muna nan muna raba kalanda."

"In ka nuna mashi sauran kuma ya ce a rufe."

"Zai iya."

"Ba kai kaɗai ba ne fa. Akwai mutum uku bayanka."

"Na sani, Yari."

Hajiya Wasila ba ta ce a yi ko a bari ba. Ta dai gaya masa garuruwan da ake samun kabu-kabu kashegarin kasuwa, da waɗanda sai an taka.

Ya tara mutanensa uku ya gaya musu komai, har da abin da yake niyyar yi in likita ya zo. Ba wanda ya ji daɗi. A makonnin da suka rage suka bi sabuwar hanya, suna kwana a zaurukan mutane, amma wuraren da suka samu suka gyara kaɗan ne.

Dokta Anas ya iso da farar mota da jarkokin mai a but. Saurayi ne, bai kai Malam Dalhatu shekaru ba, mai ladabi da ƙarancin magana.

"Malam, kai ka san ƙasar. Ka kai ni inda ka ga dama."

Ranar farko ya kai shi wani ƙauye a ƙasar Bunguɗu, ranar kasuwarsu, inda ba a sake bayani ta sabuwar hanya ba. Suka tsaya a baranda cikin turmutsutsu har rana ta take. Da nas ɗin wurin ta samu sarari, likita ya miƙa mata kwalba ya ce ta nuna masa yadda ake haɗawa. Ta ɗebo ruwa a randa ta cika ta har wuya, ta yi musu godiyar zuwa, ta koma kan layi. Suka hau mota suka koma Gusau.

Rana ta biyu suka je Gidan Labbo, ba ranar kasuwa ba. Lawali ya ja benci. Aka yi sa'a wata mata ta kawo ɗanta da ciwon ƙirji, ya haɗa maganin a gabanta da ruwan da ya tafasa tun safe, ya sa ta nuna layin da yatsanta, ya gaya mata ranar da za ta zubar da saura. Sannan ya juya ga likita da tambayarsa ta ƙuraje. Suka daɗe a kanta, likita yana tambayar yadda ƙurajen suke da inda suka fara fitowa.

A hanyar dawowa, bayan sun hau kwalta, Dokta Anas ya ce, "Malam, irin na jiya da irin na yau, wanne ya fi yawa?"

"Irin na jiya, Likita. Nesa ba kusa ba."

"Ka san abin da amsar nan za ta iya jawowa?"

"Na sani."

"In aka bi hanyar yau, wuraren da za ku kai a wata ba za su kai rabin na da ba."

"Ko sulusi ba za su kai ba. Sai dai in akwai babur."

Likita ya dubi gonakin gero da ke wucewa. "Da ka kai ni irin na yau kawai, da ban sani ba."

"Da ba ka sani ba," in ji Malam Dalhatu.

Hukunci ya zo da kaka. Kano ba ta rufe sashen bayani na Gusau ba, amma ta ce mutum ɗaya za ta iya riƙewa, da babur, kuma ba za a sake tambayarsa wuri nawa ba. Sauran ukun aka mai da su kai kaya. Biyu suka karɓa ba gardama. Na ukun, Sadiƙ, wanda ya fi su son aikin, ya daɗe in sun haɗu a masallaci ba ya wuce sannu. Matar Malam Dalhatu, Ladidi, ta tambaye shi ko ƙarin girma ne ko ragi. Ya ce an ba shi babur, an karɓe mutane.

A zaman da ya biyo baya Yari ne ya fara.

"Malam, majalisar ga ta shugabanni ce. Kai yanzu shugaban wa?"

"Shugaban babur," in ji Mu'azu.

"Ku bar shi," in ji Hajiya Wasila. "Bencin da kuke zaune a kai ma shi ya kawo shi."

Ranar suka canza ma'auni. Aka daina tambayar wuri nawa. Kowane wata sai ɗaya ya ɗauki kwalbar ɗan'uwansa, ya je asibitin da ɗan'uwan ya ce ya yi bayani, a ranar da ba kasuwa, ya ce a nuna masa. Tunda ba shi ya koyar ba, ba a jin nauyinsa sosai, in ba a sani ba a ce ba a sani ba. Abin da ya gani shi zai kawo baranda. Yari ne ya fi jan ƙafa kafin ya yarda. A watan farko shi ya zo na ƙarshe, ya ce laifin hanya ne.

Haka Malam Dalhatu ya ci gaba har 1999 ta ƙare. Jakar ta koma bayan babur, ɗaure da roba, kalanda ta ragu a ciki, ƙaramar butar tafasa ruwa ta shiga. Yakan fita da safe kashegarin kasuwa, ya wuce a-kori-kura a tasha ana wanke musu kashin awaki. A wasu wuraren yakan tarar incaji ya riga ya tafi gona, sai ya jingine babur ya bi shi can, su dawo tare. A Gidan Labbo kuwa ba ya bin kowa. Tun daga kwanar rijiya Lawali ke jin ƙarar babur, kafin a kashe inji ya aje fartanya, ya ja benci gindin darbejiya.